Bishiya a Cikin Kasko: Tarihin Sana'ar Bonsai a Japan

Kalmar bonsai, wadda ta shiga harsuna da dama ba tare da an fassara ta ba, haɗin kalmomi biyu ce a Japananci, wato bon, mai nufin faranti ko kasko marar zurfi, da sai, mai nufin shuka, saboda haka ainihin ma'anarta ita ce abin da aka shuka a kasko. Mutane da yawa suna zaton wani irin wadan itace ne da Allah Ya halitta a haka, alhali kuwa bishiya ce irin kowace bishiya, wadda idan aka ɗauki ƙwayar irinta aka binne a fili za ta tashi ta yi tsawon 'yan uwanta na daji. Abin da ke tsare ta a tsawon kamu ɗaya ko biyu shi ne ƙuncin kaskon da take ciki, da datse saiwoyi da rassa lokaci bayan lokaci, da ban ruwa na kullum wanda ba ya karɓar uzuri. Tun da yake wasu daga cikin waɗannan itatuwa sun haura shekara ɗari uku a raye, kuma babu ɗaya daga cikinsu da za ta jure mako guda na zafi ba tare da ruwa ba, duk tsohuwar bonsai shaida ce cewa an sami jerin mutane, wani bayan wani, da ba su yi sakaci da ita ba. Tarihin sana'ar, a mafi yawansa, tarihin waɗannan hannaye ne da yadda aikinsu ya sauya.

Asalin al'adar daga ƙasar Sin yake, inda ake kiranta penjing, wato shimfiɗar ƙasa a cikin faranti, domin su Sinawa sun fi karkata ga kwaikwayon yanki guda na duniya, da duwatsunsa da ruwansa da itatuwansa, a cikin ɗan ƙaramin mazubi. Tsohuwar shaidar da masana suka fi ambato ita ce zanen bangon kabarin Yarima Zhanghuai na daular Tang, wanda aka kammala a shekarar 706, inda ake ganin barorin fada ɗauke da farantai masu ɗauke da 'yan duwatsu da tsirrai. Daga Sin abin ya ƙetara teku zuwa Japan ta hanyar da rubutu da addinin Buda da shan shayi suka bi, wato hannun jakadu da malaman addini da fatake. A wani naɗaɗɗen zane mai suna Kasuga Gongen Genki, wanda aka yi a 1309, akwai hoton gidan wani mai hali da itatuwa jere a cikin mazubai a farfajiyarsa, abin da ke nuna cewa a farkon ƙarni na 14 al'adar ta riga ta zauna a gidajen manya.

Adabin wancan zamani ya bar alamu biyu masu amfani game da yadda ake kallon waɗannan itatuwa. Marubuci Yoshida Kenko, wanda ya yi rubutu wajen 1330, ya kawo labarin wani bafade da ya daɗe yana tara itatuwa masu murɗaɗɗun rassa, daga bisani sha'awarsu ta fita daga ransa ya tumɓuke su ya zubar, wanda ke nuna cewa muhawara a kan iyakar da ya kamata a kai wajen lanƙwasa itace tsohuwa ce ƙwarai. Alama ta biyu tana cikin wani wasan kwaikwayo na gargajiyar Noh mai suna Hachi no Ki, ma'ana itatuwan tukunya, wanda ke ba da labarin wani jarumi da talauci ya kama, baƙo ya sauka a gidansa a daren dusar ƙanƙara, ya rasa makamashi, sai ya sare itatuwansa uku na tukunya, waɗanda su kaɗai suka rage masa daga dukiyarsa, ya hura wuta domin baƙon ya ji ɗumi, ba tare da ya san cewa baƙon tsohon mai mulkin ƙasar ne, Hojo Tokiyori, yana yawo a ɓoye cikin tufafin malamin addini ba. Labarin ba zai yi tasiri ga masu kallo ba sai idan sun riga sun san cewa irin wannan itace abu ne da mutum zai riƙe har bayan ya rabu da gona da doki.

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da gidan Tokugawa ya riƙe mulki kuma yaƙin basasa ya lafa, sha'awar shuke-shuke ta sauko daga fada zuwa gidajen 'yan kasuwa da masu sana'a, waɗanda ƙuncin birni bai bar musu filin lambu ba sai ɗan wurin ajiye tukwane. Shogun na uku, wato shugaban mulkin soja Tokugawa Iemitsu, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1651, ya shahara da son itatuwan tukunya, kuma har yau a fadar Sarkin Japan da ke Tokyo akwai wata bishiyar matsu da ake dangantawa da shi, wadda ake ƙiyasta shekarunta sun haura 500. Matsu itace ne mai ganye siriri kamar allura wanda ba ya kaɗewa a hunturu, kuma shi ne sarkin itatuwan wannan sana'a. Sai dai abin da kasuwar Edo ta fi so shi ne abin mamaki, itatuwan da aka murɗa aka naɗe har suka yi kama da dorinar ruwa, a cikin tukwane masu zurfi da ado. Gyaran ɗanɗano ya zo ne daga wani ɓangare dabam, daga masana adabin Sin na yankin Osaka da Kyoto a farkon ƙarni na 19, waɗanda suka ɗauki ma'auninsu daga littattafan koyon zane na Sinawa, inda ake zana itace siriri mai 'yan rassa kaɗan a bakin dutse. Su ne suka fifita kasko marar zurfi a kan tukunya, su ne kuma suka yaɗa sunan bonsai, wanda lafazin Japananci ne na kalmar Sinanci penzai, a madadin tsohon suna hachi no ki. Salon da ake kira bunjin, wato salon malamai, mai doguwar ganga tsirara da ɗan ganye a can sama, daga gare su ya samo suna.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, mafi darajar bonsai ba a lambu ake samar da ita ba, daga dutse ake saukowa da ita. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su hau tsaunuka su nemo itatuwan da iska da ƙanƙara da ƙarancin ƙasa suka tsumburar a cikin tsagar dutse shekaru aru-aru, su haƙo su da igiya a ɗaure a ƙugu, aikin da ake kira yamadori, wato ɗauko daga dutse. Itacen da ya fi jawo wannan farauta shi ne shimpaku, wani itace mai ƙanshi da ganye ƙanana a cure, wanda rabin jikinsa kan mutu ya yi fari fat kamar ƙashi yayin da wata siririyar jijiyar ɓawo mai rai take zagaye shi tana kai ruwa sama. An fara kwaso shi daga tsaunukan tsibirin Shikoku, da itatuwan suka ƙare aka koma yankin Itoigawa a lardin Niigata, kuma an yi asarar rayuka a waɗannan hayi masu santsi. Ƙarshen abin sananne ne ga duk wanda ya ga yadda ake cin daji: itacen da ya ɗauki shekara ɗari biyu yana tsumburewa ba ya maye gurbinsa a zamanin mutum ɗaya, tsaunukan suka wofinta, daga baya kuma doka ta taƙaita haƙar. Wannan ƙarewa ce ta tilasta wa sana'ar ta koyi ƙera da hannu abin da a da take tsinta.

Babban makamin wannan sauyi shi ne waya. Kafin ta, ana lanƙwasa reshe ne da igiya da tsinken gora da rataya nauyi, hanyoyin da ke iya jan reshe ƙasa amma ba sa iya ba shi lanƙwasa mai laushi a daidai inda ake so. A farkon ƙarni na 20 aka fara yawaita amfani da wayar jan ƙarfe wadda aka gasa a wuta har ta yi taushi, a naɗa ta a jikin reshe a karkace, tana hawa kamar yadda igiyar wake ke hawa karan dawa, sa'an nan a lanƙwasa reshen da wayar tare. Hikimar jan ƙarfe ita ce yana taurara da zarar an lanƙwasa shi, don haka yana shiga da taushi ya riƙe da ƙarfi, har reshen ya yi sabon itace a cikin sabuwar siffarsa. Ana zaɓar waya mai kaurin kusan sulusin kaurin reshen, kuma dole a kwance ta ko a yanke ta kafin reshen ya yi ƙiba ta nutse a ɓawonsa, domin tabon waya na iya zama a jikin itace shekaru da yawa yana tona asirin mai gaggawa. Daga baya wayar alminiyam ta shigo, wadda ta fi sauƙin sarrafawa ga ɗan koyo da kuma itatuwa masu laushin ɓawo. A tsakanin shekarun 1920 da 1930 maƙera, musamman gidan Masakuni, suka ƙera kayan aiki na musamman, wanda ya fi muhimmanci a cikinsu shi ne wani almakashi mai baki a lotse, wanda ke cire reshe ya bar ɗan rami maimakon kututture, ta yadda idan ɓawo ya rufe ciwon sai wurin ya koma sumul.

Da waya da almakashi a hannu, aka sami damar tsara salo-salo da ba su sunaye. Chokkan ita ce miƙaƙƙiyar bishiya mai kauri a gindi tana sirancewa zuwa sama. Moyogi tana karkata hagu da dama amma ƙoƙuwarta tana dawowa saitin gindi. Kengai tana zubowa ƙasa da bakin tukunya kamar itacen da ya tsiro a gefen kwazazzabo. Yose-ue kuwa kurmi ne guda na itatuwa da yawa a faranti ɗaya. Mataccen reshe da aka feƙe ya yi fari ana ce masa jin, tsirarar ganga marar ɓawo kuma shari, kuma ana shafa musu ruwan farar wuta da farar ƙasa domin kada su ruɓe. Abin da gwanaye ke fara dubawa, duk da haka, ba a sama yake ba: nebari suke kallo, wato yadda saiwoyi suka bazu a kan ƙasa ta kowace fuska kamar yatsun da suka damƙi ƙasa, domin shi ne ke sa ido ya yarda cewa itacen tsoho ne, kuma shi ne abin da waya ba ta iya gyarawa a shekara ɗaya.

Sashen aikin da mai kallo ba ya gani shi ya fi riƙe ran itacen. Bishiyar da ke cikin kasko takan cika shi da saiwa har ruwa ya kasa ratsawa, saboda haka ake fitar da ita, ƙarama bayan shekara ɗaya ko biyu, tsohuwa bayan uku zuwa biyar ko fiye, a ƙarshen sanyi lokacin da toho ya fara kumbura, a tsefe saiwoyin da tsinke, a yanke masu kauri, a mayar da ita cikin sabuwar ƙasa. Yanke babbar saiwa yana sa ƙananan saiwoyi masu kama da gashi su yawaita, kuma su ne ke shan ruwa da abinci, don haka itace mai shekara ɗari uku kullum yana tsaye ne a kan saiwoyi 'yan shekara kaɗan. Ƙasar da aka fi amfani da ita, akadama, wani jan yumɓu ne mai tsaba-tsaba da ake haƙowa a yankin Kanto daga tsohuwar tokar duwatsu masu aman wuta, wanda ke riƙe danshi ya kuma bar iska ta shiga, ana gauraya shi da tsakuwa mai ramuka gwargwadon irin itacen. Taki kuwa mafi yawa tunkuza ce ta irin da aka matse mansa, a dunƙula a ɗora a kan ƙasa tana narkewa sannu a hankali, wanda ke rushe zaton da ake yi cewa da yunwa ake tsumburar da bonsai. Ƙanƙantar ganye ma dabara ce: ga baƙar matsu, ana yanke sabon toho gaba ɗaya a farkon zafi, itacen ya sake fitar da wani wanda lokaci bai ishe shi ya yi dogayen allurai ba kafin sanyi. Fure da 'ya'ya dai ba sa bin wannan umarni, suna fitowa kusan da girmansu na asali, shi ya sa ake zaɓar itatuwa masu ƙananan 'ya'ya tun farko. Game da ban ruwa, masu sana'ar suna cewa koyonsa kaɗai shekara uku ne, domin ba agogo ake bi ba, ana duba kowane kasko ne da ido da yatsa, a lokacin zafi sau biyu ko uku a yini.

Wurin da wannan sabon ilimi ya taru ya zama makaranta shi ne Omiya, a arewacin Tokyo, kuma bala'i ne ya kafa shi. A ranar 1 ga Satumba 1923 babbar girgizar ƙasa ta Kanto da gobarar da ta biyo baya suka cinye yawancin Tokyo, suka hallaka mutane fiye da 100,000, kuma masu lambunan bonsai na birnin, waɗanda dama hayaƙi da cunkoso sun fara takura musu, suka nemi wuri mai iska mai kyau da ruwa mai daɗi da ƙasa mai tsotse ruwa. A 1925 wasu daga cikinsu suka kafa abin da aka sani da Ƙauyen Bonsai na Omiya, suka kuma gindaya wa duk mai son zama a cikinsa sharuɗɗa: ya mallaki bonsai aƙalla goma, ya bar ƙofarsa a buɗe ga masu kallo, kada ya gina bene, kuma ya yi shinge da shuka mai rai maimakon katanga. Hana bene ba ƙawa ba ce, kare hakkin maƙwabci ne a kan hasken rana, wanda a wannan sana'a jari ne. A tsakiyar shekarun 1930 lambunan ƙauyen sun kai wajen talatin. A 1934 kuma aka buɗe baje kolin Kokufu a gidan nune-nunen zane na birnin Tokyo da ke Ueno, wanda har yau shi ne mafi daraja a duniya, kuma muhimmancinsa yana cikin wurin da aka yi shi: shigar da itacen kasko zauren da ake rataya zanen manyan masu fasaha shela ce cewa aikin ya wuce na mai lambu kawai.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa yanke wannan silsila. An kwashe matasan lambuna zuwa fagen daga, aka riƙa kallon renon itacen ado a matsayin almubazzaranci a ƙasar da ke fama da yunwa, itatuwa masu yawa suka mutu don kawai babu mai ba su ruwa, kuma lambuna kaɗan ne a Omiya suka fita daga yaƙin da ransu, cikinsu har da Mansei-en na iyalin Kato da Kyuka-en na Kyuzo Murata. Wata farar matsu ta iyalin Yamaki da ake reno tun 1625 tana cikin lambunsu a Hiroshima, kimanin kilomita uku daga inda bam ɗin nukiliya ya fashe a ranar 6 ga Agusta 1945, katanga ta kare ta, ta rayu. A 1976 Masaru Yamaki ya saka ta cikin bonsai 53 da Ƙungiyar Bonsai ta Japan ta ba Amurka kyauta albarkacin cikarta shekara 200 da samun 'yanci, bai kuma faɗi komai game da bam ɗin ba; masu kula da ita a Washington ba su san tarihinta ba sai a 2001, lokacin da jikokinsa suka je ganinta.

Turawa sun ga bonsai tun a manyan baje kolin duniya na Paris a 1878 da 1889 da 1900, da na Landan a 1910, amma abin kallo kawai suka ɗauke ta, kuma yawancin waɗanda suka saya sun mutu a hannunsu saboda an sayar musu da itace ba a sayar musu da ilimin ba. Bayan yaƙi ne ilimin ya fita. Yuji Yoshimura ya buɗe aji ga baƙi a Tokyo a shekarun 1950, ya fitar da littafi da Ingilishi a 1957 wanda ya tsara salo da dabaru dalla-dalla, sa'an nan ya koma Amurka da koyarwa. A California, John Naka, haifaffen Amurka ɗan asalin Japan wanda ya rayu daga 1914 zuwa 2004, ya koya wa ɗalibansa su yi aiki da itatuwan ƙasarsu, kuma shahararren kurminsa mai suna Goshin, mai itatuwa goma sha ɗaya daidai da adadin jikokinsa, yana Washington tun 1984. Wannan shawara ta amfani da itacen gida ita ce ta ba al'adar damar yin saiwa a ƙasashe masu zafi, inda matsu ba ya jin daɗi: a Indiya da Indunusiya ana renon dangin ceɗiya da tsamiya, a Afirka ta Kudu kuma masu sana'ar sun ƙirƙiro salonsu, na kuka mai ƙaton ciki da gajerun rassa, da na itacen ƙaya mai shimfiɗaɗɗen kai kamar laima, wanda suka sa wa sunan mai zane Pierneef. Kuskuren da ya bi al'adar zuwa ko'ina shi ne ɗaukarta kayan adon ɗaki. A Japan bonsai a waje take zaune, a kan benci cikin rana da ruwan sama, ana shigo da ita tokonoma, wato ɗan lungun da ake ajiye abin girmamawa a ɗakin baƙi, na kwana biyu ko uku kawai, a mayar da ita.

A cikin Japan kanta sana'ar ta ci gaba da sauyawa, kuma wanda ya fi girgiza ta a ƙarshen ƙarni na 20 shi ne Masahiko Kimura, haifaffen Omiya a 1940, wanda ya shiga koyo yana ɗan shekara 15 ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin ubangidansa Motosuke Hamano a lambun Toju-en. Kimura ya shigo da injinan sassaƙa masu lantarki, yana fafe mataccen sashen shimpaku yana murɗa mai ran yadda ba a taɓa gani ba, dattawan sana'ar suka fara da suka, daga baya kyaututtuka suka bi shi. Tsohuwar muhawarar zamanin Kenko ce ta dawo da sababbin kayan aiki. Tsarin koyon bai sauya sosai ba, domin har yanzu ɗan koyo yakan yi shekara biyar ko shida a gidan gwani, yana farawa da shara da cire ciyawa da ban ruwa kafin a bar shi ya taɓa almakashi, kuma a 'yan shekarun nan da yawa daga cikin masu jure wannan horo baƙi ne daga Turai da Amurka, yayin da matasan Japan ke kallon bonsai a matsayin abin tsofaffi. Omiya, wadda ta karɓi babban taron bonsai na duniya na farko a 1989, birnin Saitama da ya haɗiye ta kuma ya sake karɓar taron a 2017, ta sami gidan adana bonsai na hukuma a 2010, amma tsadar fili da harajin gado sun rage lambunanta zuwa 'yan ƙalilan da ba su kai goma ba, a tsakiyar gidajen da yanzu suke da bene. Yawancin manyan itatuwan da ke jere a kan bencinsu ma ba na masu lambun ba ne, na attajirai ne da suka saya suka bar su a wurin ajiya, suna biyan kuɗin reno, suna zuwa dubawa lokaci-lokaci, kuma idan mai itace ya rasu magada suka sayar, sau da yawa sunan mai shi ne kawai ke sauyawa a littafin lambu, itacen yana nan a kan bencinsa, wanda ya ba shi ruwa jiya shi zai ba shi gobe da safe.